Yadda ake canza man birki da fitar da iska a motar tsere, a gida

Duk mai Mustang ko Camaro ko Nissan 350Z da ka sani, ba ya wasa da baƙin mai. Lokaci na yi zai juye, ya sa sabuwar filta. Amma tambaye shi rabon da a taɓa man birkin motar, sai ya tsaya tunani. Yawancin motocin nan na hannu ne daga Amurka. Sun yi shekaru a wurin wani, sun yi watanni a filin gwanjo rana da ruwa na dukansu, sun yi makonni a kan teku kafin su sauka Legas ko Kwatano, kuma da wuya ka ga takardar da ta nuna an taɓa canza musu man birki. Motar da ke wuce kilomita 200 a awa tana yawo da man da babu wanda ya san shekarunsa. Abin yana damuna ƙwarai, domin aikin bai kai wuni guda ba, kuɗinsa kuma bai kai na cika tankin fetur ba.

Zan ɗora bayanin a kan Ford Mustang GT ƙirar 2015 zuwa 2023, tunda ana ganinta a titunan Abuja da Kano da Kaduna. Hanyar ɗaya ce a sauran motoci masu birkin faifai a taya huɗu, inda aka bambanta kuma zan faɗa.

Abin da ke lalata man

Idan ka taka feda, ƙafarka tana tura fistin a cikin masta, wato famfon da ke ƙarƙashin kofin man birki, masta ya tura mai ta siraran bututun ƙarfe zuwa kowace taya, man ya tura fistin ɗin kalifa, wato ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki, kalifa kuma ta matse faifan tsakanin fad biyu, wato takalman birki. Duk aikin ya dogara a kan abu ɗaya: mai ba ya matsuwa. Yadda ka tura shi a sama, haka zai tura a ƙasa. Iska kuwa tana matsuwa, tururi ma haka.

Man birki na DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1, wato ajin man da ake rubutawa a jikin gora, an haɗa su ne da sinadarin gilaikol, shi kuma ɗabi'arsa jan danshi. Yana jansa ta murfin kofin mai, yana jansa ta jikin tiyon robar da ke kai mai ga taya, a hankali, damina bayan damina. Ko motar tana ajiye a gareji an lulluɓe ta, man yana shan ruwa. Ƙa'idar da ma'aikatar sufuri ta Amurka ta gindaya ta ce sabon DOT 4 kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar da ake nema daga gare shi digiri 155 ce. DOT 3 yana farawa daga 205 ya sauko 140. DOT 5.1 daga 260 zuwa 180.

Yanzu dubi zafin da birki ke sha. Mustang GT tana da nauyin kilo kusan 1,700. Tsayar da ita daga kilomita 100 a awa yana fitar da zafin da zai kai ruwa lita 2 ga tafasa. Daga kilomita 200 kuwa ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, kuma duk a cikin 'yan daƙiƙoƙi, mafi yawansa a tayoyin gaba. A filin tsere faifai kan haura digiri 500. Wani ɓangare na zafin nan yana bi ta fad ya shiga fistin, ya isa ga man da ke bayansa. Idan man tsoho ne, sai ya tafasa a cikin kalifa, ya zama tururi, ka taka feda ka ji kamar ka taka soso, ta tafi har ƙasa motar ba ta tsaya ba. Ba sai a filin tsere ba. Wanda ya gangaro Hawan Kibo daga Jos yana riƙe da birki tun daga sama zai iya gamuwa da wannan. Abin tsoron shi ne, idan motar ta huce feda takan dawo daidai, mutum ya ɗauka babu komai, alhali man na nan yadda yake.

A rarrabe wannan da wata matsalar. Idan birki ya yi zafi feda ta tsaya da tauri amma motar ba ta kamawa, fad ne ya ƙone. Idan feda ta yi laushi ta nutse, mai ne. Ban da tafasa, ruwan da ke cikin man yana sa tsatsa a cikin masta da kalifa da famfon ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki da ƙarfi, shi kuma famfon ABS kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Man da za ka saya

Fara da karanta murfin kofin mai, an rubuta irin man a kansa. Wannan Mustang ɗin tana son DOT 4 LV, wato DOT 4 mai tsinkakken jiki wanda ke bi ta ƙananan ƙofofin famfon ABS da sauri. Tsofaffin motocin Japan da yawa DOT 3 aka rubuta musu, kuma babu laifi a zuba musu DOT 4. Abin da ba a yi shi ne a sauko ƙasa: motar DOT 4 ba a ba ta DOT 3.

DOT 5 daban yake da DOT 5.1 duk da kusancin lamba. DOT 5 na silikon ne, launinsa shunayya, ba ya gauraya da sauran, kuma ba a zuba shi a mota mai ABS. Man giya, man sitiyari, baƙin mai, ko ɗigo kaɗan ne ya shiga kofin birki, zai kumbura duk robobin da ke ciki, sai an sauya su kaf. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa idan mai ya ƙare a hanya kuwa, a motar da ke irin wannan gudu ganganci ne da rai.

Wanda ke shiga fili yana wasa da mota yana iya hawa zuwa man tsere. ATE Typ 200 yana kai digiri 280 yana sabo, Motul RBF 600 yana haura 300, Castrol SRF kuma an san shi da riƙe digiri 270 ko bayan ya sha ruwa. Ra'ayina shi ne mai hawa titi kawai ba ya buƙatar su. Sabon DOT 4 na kirki da ake canzawa a kan lokaci ya fi man tsere da ya shekara uku a cikin mota.

Sayi lita ɗaya, ka ƙara da ƙaramar gora ta rabin lita saboda tsaro. Duba cewa hatimin bakin gorar bai taɓu ba. Jabun man birki yana yawo a kasuwa, don haka ka saya a wurin dilan da ka amince da shi, araha ba ta ado a nan. Gorar da aka buɗe tun bara aka ajiye a bayan mota ta riga ta sha danshi, kada ka yi amfani da ita.

Kayan aiki

Kana buƙatar jak mai kyau da matokaran ƙarfe aƙalla biyu, da sufanar taya, wadda a Mustang lamba 21 ce. Kana buƙatar sufana mai zobe da ta yi daidai da notin fitar da iska, wato ɗan ƙaramin noti mai rami da ke jikin kowace kalifa. Yawanci tsakanin lamba 8 ne da 11, gwada ka gani kafin ka fara, domin na gaba da na baya sukan bambanta. Kada ka kusanci notin nan da sufana mai buɗaɗɗen baki ko filaya, kansa zai murje. Sai siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, irin wanda magina ke auna lebur da shi, mai faɗin rami milimita 5 zuwa 6, tsawon rabin mita ko fiye. Sai gorar ruwa ta roba wadda ta bushe sarai: huda murfin ka zura tiyon har gindi, ka ƙara wata 'yar huda a gefe don iska ta fita. Sai babban sirinji na mil 50 ko 60 daga kemis, sabo. Tsummoki masu tsabta, safar hannu, tabarau, bokitin ruwa, ɗan guntun katako, da WD-40. In da hali, sufanar awo mai yin ƙara idan ɗauri ya kai.

Sannan mutum ɗaya mai natsuwa da zai zauna a kujerar direba. Ba sai ya iya mota ba, ya dai iya jin magana.

Bokitin ruwan ba na ado ba ne. Man birki yana cin fenti, idan ya ɗiga a jikin mota ko a kan kalifa mai jan fenti, kwara ruwa nan take, kada ka goga da busasshen tsumma. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Masu shafa shi a ciwo ko ƙuna su daina, guba ne.

Shirya motar

Zaɓi wuri mai daɓen siminti, shimfiɗaɗɗe, a inuwa. Ba a wannan aiki a kan yashi, ba a yi ana ruwa, kuma ranar da iskar hunturu ke ɗauke da ƙura gara a yi a cikin gareji. Bari birkin ya huce. Sa giya ta ɗaya, ko P idan mai canza giya da kanta ce, ka tokare tayoyin da za su tsaya a ƙasa gaba da baya.

Motocin nan gajeru ne, jak da yawa ba ya shiga ƙarƙashinsu. Idan haka ne, hau da taya kan faffaɗan katako don ta ɗan ɗago. Sassauta notocin taya tun motar na ƙasa, rabin juyi kawai. A ƙasan ƙofa, bayan tayar gaba da gaban tayar baya, akwai wuraren da aka yi wa alama don jak, nan za ka ɗaga. Da ta ɗagu ka sa matokarin ƙarfe, ka sauke nauyin a kansa. Bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, jak kuma yana saki. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin motar a kwance. Idan matokaranka biyu ne, yi baya ka gama, ka sauke, ka koma gaba.

Tun kana cire tayoyi, cire 'yar hular robar da ke kan kowane notin iska, ka goge datti, ka fesa WD-40 kaɗan a gindinsa ya fara jiƙa. Kada feshin ya taɓa faifai ko fad. Duba tiyon roba ko ya tsattsage ko ya kumbura, duba ko akwai jiƙa a jikin kalifa. In akwai yoyo, canza mai ba zai magance shi ba, sai an gyara tukuna.

Inji a kashe zai kasance har ƙarshen aiki. Taka feda sau huɗu ko biyar har ta yi tauri, don tulun iskar da ke bayan masta ya saki ƙarfinsa.

Buɗe bonet. Kofin man birki yana can ciki ta gefen direba. Goge murfin da kewayensa sosai kafin ka buɗe, ka kewaye shi da tsumma. Lura da inda man ya tsaya tsakanin MIN da MAX, za mu dawo kan wannan. Zuƙe tsohon man da sirinji, amma ka bar kaɗan a gindi yadda ramukan da ke sauka cikin masta ba za su buɗe ga iska ba. A Mustang mai giyar hannu, kulochi yana shan mai ne daga wannan kofin, ta wani tiyo a gefensa, saboda haka ka gargaɗi mai taimakonka kada ya taɓa kulochi sam. Cika da sabon mai har MAX, ka ɗora murfin a kai ba tare da ka ɗaure ba, ka rufe gorar sabon man.

Sa guntun katakon a ƙarƙashin fedar birki, yadda ba za ta kai ƙasa ba. Dalili kuwa, a tuƙi na yau da kullum fistin ɗin masta rabin hanya yake tafiya. Can ƙarshen ramin da ba ya zuwa, datti da tsatsa sukan taru, idan ka tura robobin suka bi ta kai za su iya yagewa, ka tashi da mataccen masta a motar da ta shigo lafiya.

Wace taya ce farko

Ƙa'idar da aka saba ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta. A mota mai sitiyari a hagu irin namu: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Haka ake bi a Mustang. Amma nisan da ake nufi na bututu ne, ba na ido ba, kuma wasu kamfanoni suna da nasu tsari. Nissan 350Z ana bin ta ne a gicciye: baya dama, gaba hagu, baya hagu, gaba dama. Idan ka sami littafin gyaran motarka, abin da ya ce shi ne gaba.

Fitar da tsohon mai

Zuba sabon mai kaɗan a gorar da ka huda, yadda bakin tiyo zai nutse a ciki. Fara sa sufana mai zobe a kan notin, sannan ka cusa tiyo a kan bakinsa ya kama tsam. Bari tiyon ya ɗan hau sama daga notin kafin ya lanƙwaso zuwa gora, ta haka duk kumfar da ta fito sama za ta yi, ba za ta koma ciki ba.

Ku daidaita kalmomi kafin a fara, kuma kowace kalma sai an amsa ta. A sauke gilas, a kashe rediyo.

"Taka."

Ya taka a hankali, da ƙarfi matsakaici, ya tsaya a kai. "Na taka, Yaya."

Ka buɗe notin kwata na juyi. Mai zai zubo cikin tiyo, feda ta fara nutsewa a ƙarƙashin ƙafarsa, shi kuma ya bi ta ba tare da ya ɗaga ba. Kafin gudun man ya tsaya, ka rufe.

"Saki."

Ya ɗaga ƙafa a hankali. "Na saki."

Ku jira daƙiƙa biyu ko uku masta ya sake cika, sannan a maimaita. Dukkan aikin yana rataye ne a kan wannan jeri: ba a sakin feda sai noti ya rufe. Idan ya saki noti na buɗe, masta zai zuƙo iska ta baya, ku koma farko. Na sha ganin ana dukan feda da sauri sau goma kafin a riƙe. Ban yarda da wannan ba, domin yana farfasa iskar da ke ciki ta zama ƙananan kumfa masu wuyar fita. Taku ɗaya mai natsuwa ya isa.

Abu na biyu da ba a sakaci da shi: kofi kada ya ƙafe. Bayan kowane taku shida zuwa takwas, tashi ka leƙa, ka ƙara. Kada ka bari ya sauka ƙasa da MIN. Idan ya ƙafe, iska za ta shiga masta ta wuce famfon ABS, aikin awa biyu ya zama na kwana biyu.

Idonka a kan tiyo. Da farko za ka ga mai mai duhu, ruwan ƙasa, wani lokaci da baƙin gari-gari a ciki. A hankali zai fara washewa, har ya koma launin wanda ke cikin sabuwar gora. Tayar farko ita ce mai cin lokaci, domin ita ke kwashe ragowar tsohon man kofi da na masta da na dogon bututu, tana iya cin kwata na lita ko fiye. Idan launi ya washe, ɗauki ƙotar guduma ta katako ka ɗan bubbuga jikin kalifa, kumfar da ta maƙale a lungu za ta saki. Ƙara taku uku ko huɗu. Idan babu kumfa ko ɗaya, ka gama da wannan taya.

Ɗaure notin da hankali. Rami ne a tsakiyarsa, kuma sau da yawa a jikin alminiyam yake, ɗaurinsa a yawancin motoci bai wuce Nm 8 zuwa 16 a sufanar awo ba. Da hannu ɗaya, riƙe da sufana kusa da kai, ya zauna sannan ka ɗan ƙara kaɗan. Cire tiyo kana toshe bakinsa da yatsa, goge wurin, wanke da ruwa, mayar da hular roba. A cikin ramin notin ɗan mai yakan rage, murɗa bakin tsumma ka tsotse shi, in ba haka ba zai fito idan birki ya yi zafi ka ɗauka yoyo ne.

Tayar baya ta biyu ba za ta daɗe ba. A gaba ne motar tsere ta bambanta da sauran motoci. Kalifar da ke da fistin a ɓangare biyu, irin Brembo mai fistin 6 da ke kan Mustang GT mai Performance Pack, tana da notin iska biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Leƙa bayan kalifa ka tabbatar, domin na cikin yana ɓuya, kuma wanda ya manta da shi ya bar rabin kalifa cike da tsohon mai, a daidai inda zafi ya fi yawa. Yi ɗaya har ya washe, yi ɗayan, sannan ka koma na farkon ka ƙara taku biyu. Juya sitiyari yadda hannunka zai isa.

Idan noti ya ƙi, ko feda ta ƙi

Motar da ta zauna a jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara ta sha gishirin da ake watsawa a titi, notocinta sukan ci tsatsa. Idan ka ja ka ji bai motsa ba, dakata. Ƙara feshi, ba shi minti ashirin, ɗan bubbuga kan sufana, gwada soket mai kusurwa shida, ka ɗan matsa ta wajen ɗauri kafin ka juya ta wajen kwancewa. Idan ka ji ƙarfen yana murɗewa a hannunka ba kwancewa ba, tsaya nan. Noti da ya karye a rufe bai hana ka tuƙa mota zuwa wurin bakanike ba, amma wanda ya karye a buɗe ya zaunar da ita. Idan ya kwance amma mai bai fito ba, datti ne ya toshe ramin: a riƙe feda a ɗan take, ka cire shi gaba ɗaya, ka zura siririyar waya, ka mayar.

Idan an gama taya huɗu feda tana nan da laushi, sake zagayawa sau ɗaya. Idan ba ta gyaru ba, dubi inda notin yake a jikin kalifa. Dole ya kasance a sama, tunda iska sama take taruwa. A motocin da aka gyara bayan haɗari akan sami an musanya kalifar dama da ta hagu, noti ya koma ƙasa, ko lita goma ka tura iskar ba za ta fita ba. Idan kuma kofi ya ƙafe a tsakiyar aiki, iskar tana cikin famfon ABS, sai an haɗa kwamfuta ta kunna famfon ana fitar da iska. A motocin Ford manhajar FORScan tana yin wannan, masu duba mota da kwamfuta kuma suna da na'urorin da ke yi. In dai kofin bai ƙafe ba, canjin mai na yau da kullum ba ya buƙatar kwamfuta.

Wanda ba shi da mataimaki yana da mafita. Mafi kyau ita ce tulun matsi da ake ɗaurawa a bakin kofi, a buga masa iska zuwa psi 10 zuwa 15, ka bi tayoyi kana buɗewa kana rufewa, babu ruwanka da feda. Famfon zuƙa ta wajen noti ma yana aiki, sai dai yana jan iska ta zaren notin, ka yi ta ganin kumfar da ba daga cikin birki take ba. Akwai kuma hanyar haƙuri: ka buɗe noti ka bar man ya ɗiga da kansa kana ƙara kofi. Tana canza mai, amma ba ta korar iskar da ta maƙale.

Rufewa da gwaji

Cire katakon da ke ƙarƙashin feda, wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Daidaita man kofi. Idan fad ɗinka sababbi ne, kai shi MAX. Idan sun ci rabi, bar shi kusa da inda ka same shi da farko, in dai ya haura MIN sosai, domin ranar da za a sa sabon fad a tura fistin baya, man zai dawo kofi, in ya cika zai malalo a kan fenti. Ɗaure murfi.

Taka feda da ƙarfi ka riƙe na rabin minti, inji a kashe. Ta tsaya cak a sama. Kana riƙe da ita, wani ya zagaya da fitila ya duba kowane noti ko yana tsatsafa. Mayar da tayoyi, ɗaura notoci da hannu tukuna, sauke motar, sannan ka ɗaure su a gicciye. Notocin wannan Mustang ɗin suna son kusan Nm 200, fiye da na ƙananan motoci da yawa da ke tsayawa wajen 110, don haka ka duba adadin taka motar. Kunna inji ƙafarka a kan birki: feda za ta ɗan sauka kaɗan ta tsaya, haka ya kamata. Fitilar birki da ta ABS su mutu a dashbod.

Gwajin farko a cikin gida ne, gaba kaɗan, baya kaɗan. Sannan a layin da babu yara babu babura, a kilomita 20, sai 40. Idan komai daidai, nemi fili ko titin da babu kowa ka taka da ƙarfi daga kilomita 50 ko 60 har ka ji feda tana karkarwa, alamar ABS ya shiga aiki. Wannan yana motsa ɗan tsohon man da ya rage a cikin famfon. Dawo gida ka sake duba notoci da kofi, ka sake dubawa washegari.

Tsohon man kada a zuba shi a kwata ko a ƙasa inda kaji da awaki ke kiwo, kada kuma a bar shi a gorar ruwan sha inda yaro zai gani. Juye shi a gorar man birkin da ta ƙare, rufe, rubuta a jiki, ka kai wa masu karɓar tsohon mai, ka gaya musu na birki ne don kada su haɗa shi da baƙin mai.

Rubuta wata da shekara a ɗan farin tef ka manna a gefen kofi. Porsche da BMW suna cewa a canza duk shekara biyu, kuma wannan nake bi ga kowace mota irin wannan. Mai zama a wuri mai danshi kamar Legas ko Fatakwal kada ya wuce haka. Mai shiga fili yana gudu ya canza duk shekara, ya kuma fitar da taku uku ko huɗu daga kowace kalifa kafin ranar wasa da bayanta. Akwai 'yar na'ura mai kamar biro da ake tsomawa a kofi ta nuna yawan ruwa, idan ta kai kashi 3 a canza ko da launin man yana da kyau.

Idan bayan duk wannan ka riƙe feda a wurin tsayawa ka ji tana sulalewa ƙasa a hankali, babu yoyo a ko'ina, kuma man kofi bai ragu ba, to robobin cikin masta ne suka gaji, man yana zagayawa ta bayansu. Fitar da iska ba ya gyara wannan. Kada motar ta hau titi sai an sauya masta.